Sifinaka Mai Ɓari Ɗaya: Yadda Ake Ɗaura Ta, a Ɗaga Ta, a Sauke Ta Lafiya

Jirgin ruwan yawo mai tafiya da iska yana da rauni guda sananne. Idan iska ta yi laushi, kuma daga baya take bugowa, filafilin goshi sai ya yi laƙwas, ya cika ya sace, jirgi ya koma jan ciki, daga ƙarshe a gaji a tada inji. Domin irin wannan yanayi aka yi sifinaka, filafili ne babba na yadin nailan marar nauyi, wanda iska kaɗan ke iya cika shi. Iri biyu ce. Akwai wadda gefunanta biyu suke daidai, ita sai da doguwar sanda da igiyoyi masu yawa da mutane da dama. Akwai kuma mai ɓari ɗaya, wadda gefenta na gaba ya fi na baya tsawo, ana ɗaure ƙafarta a goshin jirgi, ba ta bukatar sanda. Mutum biyu sun isa su sarrafa ta, shi ya sa ita muke ba mai jirgin yawo shawarar saya.

Ga mazaunin Abuja, a sani tun farko cewa jirgi mai tsawon mita 10 ba na Tafkin Jabi ba ne. Tafkin ƙarami ne, iskarsa kuma tana yawan sauya alkibla saboda gine-gine da duwatsun da ke kewayen birnin. Wanda ya kamu da son wannan sana'a, a Legas ko a wani babban ruwa zai haɗu da jirgin da ya dace. Amma rabin aikin a tudu ake koyonsa, kuma ƙaramin jirgi a ƙaramin tafki yana koyar da hannu abin da zai yi amfani a babba.

Sunayen kayan

Sifinaka tana da kusurwa uku. Kai shi ne na sama. Ƙafa ita ce kusurwar ƙasa ta gaba, wadda ake ɗaurewa a goshin jirgi. Kunne shi ne kusurwar ƙasa ta baya, inda ake ɗaura igiyoyin da ake ja da sakinta, za mu kira su linzami. Linzami biyu ne, ɗaya na aiki, ɗayan yana kwance yana jiran a sauya ɓari. Igiyar ɗagawa tana kai kan filafilin ƙolin jigo, wato dogon turken da ke tsaye a tsakiyar jirgi yana riƙe filafilai, igiyar ƙafa tana riƙe ƙafa. Sai safa, wata doguwar jaka mai buɗaɗɗen baki mai tauri, wadda ake jawowa daga sama ta haɗiye filafilin ya koma kamar doguwar tsumma. Safar tana da igiyarta mai zagaye, ɓangare ɗaya na ɗaga ta, ɗaya na sauke ta.

A jirgi mai mita 10 zuwa 11, faɗin sifinaka yakan kai murabba'in mita 70 zuwa 90. Yadin iri biyu aka fi samu: mai awo 0.75 (awon nauyin yadi ke nan) na iska mai laushi, da mai awo 1.5 wanda ya fi juriya. Wanda filafili ɗaya kawai zai saya, kuma da masu koyo zai riƙa fita, mai kaurin ya fi masa. Kowane linzami ya kai ninki biyu na tsawon jirgi, wato mita 20 zuwa 22, kaurinsa milimita 8 zuwa 10. Wanda ya fi haka kauri nauyinsa yana jan kunnen ƙasa idan iska ta yi sanyi, filafilin ya ƙi cika.

Aikin tudu

Kafin filafilin ya ga ruwa, a shimfiɗa shi a fili mai tsabta, a kan ciyawa ko a babban ɗaki, ba a kan tsakuwa ba. A rubuta sunan kowace kusurwa da alƙalami marar gogewa, domin a goshin jirgi mai tangaɗi ƙafa da kunne kamarsu ɗaya, kuma wanda ya musanya su zai ɗaga filafili a karkace. Sai mutum ya kama kai, ya bi gefen gaba da hannu har ƙafa ba tare da ya saki ba, ya dawo ya bi gefen baya har kunne. Idan gefunan biyu ba su haye juna ba, babu murɗiya. Daga nan a jawo safa a kansa. Yawancin safa suna da layi mai launi daga sama har ƙasa, a tabbata layin ya miƙe. A cusa a jaka daga tsakiya, a bar kusurwa ukun a sama. Murɗiyar da aka bari a wannan mataki ita ce za ta bayyana a ƙolin jigo, inda hannu ba ya kaiwa.

Ɗaura igiyoyi

Igiyar ɗagawa dole ta fito daga jigo a saman inda wayar goshi ta kama, wato wayar da ta tashi daga goshin jirgi ta riƙe jigo, ta bi ta kura mai juyawa, ƙaramar gargare da igiya ke bi ta kanta. Kada a yi amfani da igiyar filafilin goshi, domin ita ƙarƙashin wayar take fitowa, sifinaka kuwa gefe take ja, sai igiyar ta riƙa gogar waya da bakin jigo har ta tsinke, ko ta maƙale a hana saukewa.

Igiyar ƙafa tana bi ta kura a can ƙarshen goshi, gaban wayar goshi, ta dawo har mazaunin matuƙi inda za a iya sakinta ko tana ɗauke da nauyi. Jirgi mai sandar goshi, wato sandar da ke kafe tana miƙe gaban goshi, a ƙarshen sandar ake sa kurar. Marar sanda, yawanci a jikin ƙarfen da sarƙar anga ke bi ake sa ta. A nan a duba da kyau, domin an ƙera wannan ƙarfe ne ya ɗauki nauyin da ke jan sa ƙasa, sifinaka kuwa sama take fizga. Idan kusoshinsa ba su ratsa doron jirgi da faranti a ƙasa ba, a nemi wani wuri. A kuma duba ko igiyar za ta gogi shingen ƙarfe na goshi ko fitilun da ke jikinsa.

Linzami kuwa ana ɗaura su a kunne da ƙullin bolin, ƙulli mai zobe wanda ba ya zamewa, ba da ƙugiyar ƙarfe ba, domin kunne yana kaɗawa da ƙarfi, ƙarfe a jikinsa zai iya fasa kan mutum. Kowane linzami ya bi ta wajen komai, wajen wayoyin da ke riƙe jigo, wajen wayar shinge, har zuwa kura a kusurwar ƙeyar jirgi, sannan ya shigo winci, gangar ƙarfen da ake naɗa igiya a kanta don a ja ta da ƙarfi. Linzamin da ke kwance yana zagaya goshi ya koma ɗaya ɓarin, kuma a nan akwai zaɓi: ko ya bi ta gaban igiyar ƙafa, ko ya bi tsakaninta da wayar goshi. Jirgin da ba shi da doguwar sandar goshi, tazarar da ke tsakanin nan ba ta da faɗi, don haka a bi ta gaba. Kada a yi ƙulli a ƙarshen linzami. Akwai lokacin da ceton jirgi shi ne igiyar ta zare gaba ɗaya ta tafi.

Iskar da za a fita da ita

Masu jirgi da not suke auna gudun iska, not 1 kuwa kilomita 1.852 ne a sa'a. Ranar farko a nemi not 6 zuwa 10 da ruwa a kwance. Jirgin yawo mai mutum biyu ko uku, idan iska ta ainihi ta kai not 15, lokacin saukewa ya yi.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne bambancin iska ta ainihi da wadda ake ji a jirgi. A ɗauka iska not 12 ce, jirgi yana gudun not 6 yana bin ta kai tsaye. Wadda za a ji a fuska not 6 ce kawai, kowa ya saki jiki. Da jirgin zai juya har iskar ta koma bugun haƙarƙari, wadda ake ji za ta haura not 13. Ƙarfin iska a kan filafili ba ya tafiya daidai da gudunta, idan gudu ya ninka, ƙarfi sau 4 yake ƙaruwa. Ke nan daga not 6 zuwa 13 nauyin da ke kan yadin ya kusa ninkawa sau 5, alhali iskar ba ta ƙaru da komai ba. Saboda haka a riƙa duba na'urar da ke nuna iska ta ainihi, a kuma riƙa waiwaye, domin daga baya canji ke zuwa, ana ganinsa a duhun da fuskar ruwa ke yi.

Wanda ya zauna Abuja ya san hadarin farkon damina da na ƙarshenta: gabas ta yi baƙi, iska mai sanyi ta riga ruwan isowa, cikin 'yan mintuna tana ɗaga rufin kwano. Irin wannan hadari har gaɓar teku yana kaiwa. Da zarar an hango shi, sifinaka ce abu na farko da za a sauke, ba a jira a ga ko zai kauce. Iskar hunturu ta arewa maso gabas ba ta kai haka haɗari ba, amma a guguje take zuwa ta lafa, ƙurarta kuma tana rage nisan gani.

Ɗagawa

Duk wani aiki mai wuya da sifinaka, a inuwar babban filafili, wato wanda ke bayan jigo, ake yin sa. Idan jirgi ya juya baya ga iska, babban filafili yana tare ta, bayansa sai a samu wuri mai lumana inda sifinaka ba ta da ƙarfi. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe aikin. Don haka ba a ɗaga sifinaka sai babban filafili yana sama.

Mai aikin goshi ya sa rigar ceto da safar hannu, ya kai jaka gaban jigo ta ɓarin da iska ke fita, ya maƙala ta a wayar shinge, jakar da ba a maƙala ba ruwa take faɗawa. Ya ɗaura kusurwa ukun, ya ɗaga kai ya bi igiyar ɗagawa da ido har sama, ya tabbata ba ta naɗe wayar goshi ba. A naɗe filafilin goshi. Matuƙi ya juya har iskar da ake ji ta koma digiri 140 zuwa 150 daga goshi, a sassauta babban filafili ya buɗe. A ja igiyar ƙafa har ƙafar ta tsaya kamar rabin mita zuwa mita 1 a saman kura, a kulle.

Sai a ja igiyar ɗagawa, safa ta hau a rufe har ƙoli. A dakata a duba: layin safa ya miƙe? Igiyar safa tana ta ɓarin jigo, ba ta zagaya jikin safar ba? In akwai murɗiya, yanzu ne gyaranta ke da sauƙi. A naɗa linzamin aiki sau 2 ko 3 a winci. Mai aikin goshi ya fara ɗaga safa, na baya yana jan linzami kaɗan-kaɗan don kunne ya fito. Idan iska ta shiga gindin filafilin, ita da kanta za ta tura safar sama da gudu, igiyar saukewa ta fizge. Kada a taɓa naɗa wannan igiya a hannu ko a tsaya a kanta. A bar ta ta zare ta cikin tafin hannu ana rage mata gudu. Safa ta kai ƙoli, a ɗaure igiyarta a gindin jigo ba da tsauri ba. Wadda aka bari tana reto iska za ta kai ta inda ba a iya kamowa, ranar kuwa saukewa ta zama aiki.

Yanzu matuƙi ya matso wajen iska a hankali, zuwa digiri 110 ko 120. Sifinaka za ta fito daga inuwa ta cika, jirgi ya ɗan karkata ya ɗauki gudu.

Sarrafa ta

Mai linzami gefen gaba yake kallo. Ya sassauta har gefen ya fara lanƙwasowa ciki, sai ya ja kaɗan har lanƙwasar ta ɓace, ya sake sassautawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ja fiye da kima, domin filafilin da aka ɗame yana kyau a ido, ba ya kaɗawa, amma gefe yake tura jirgi maimakon gaba, ya ƙara karkata, sitiyari ya yi nauyi.

Igiyar ƙafa ita ke gyara siffar. Idan iska tana kusa da haƙarƙari, a ja ƙafa ƙasa, gefen gaba ya miƙe. Idan ana so a ƙara juya baya ga iska, a sassauta ta mita 1 ko fiye kaɗan, filafilin zai zagayo gaban jirgi ya fita daga inuwar babba. In an sassauta aka ga ƙafar ta faɗa ɓarin da iska ke fita, filafilin yana lilo, an wuce gona da iri, a mayar.

Matuƙi kuma ya saba da abin da ya saɓa wa abin da hannunsa ya koya. Idan ana tafiya gaba da iska, bugu mai ƙarfi ya zo, matsowa wajen iska ake yi. Da sifinaka akasin haka ne: iska ta ƙaru, a juya mata baya, ta lafa, a matso. Sannan a daina kwaɗayin bin iska kai tsaye. Bayan digiri 150 sifinaka mai ɓari ɗaya tana shiga inuwa ta sace. Wanda ya kauce digiri 20 daga miƙaƙƙiyar hanya, kashi 6 cikin 100 kawai ya ƙara wa tafiyarsa, wanda ya kauce digiri 30 ya ƙara kusan kashi 15. A iska mai laushi gudun da ake samu yana biyan wannan har da riba.

Sauya ɓari

Tun da ba a bin iska kai tsaye, sai an riƙa sauya ɓari da iska a baya. A fara duba linzamin da ke kwance: yana kan shingen goshi, bai faɗa ƙarƙashin jirgi ba, kuma an naɗa shi a wincinsa. A warware jelar linzamin aiki don ta zare ba cikas. In an ɗaure sandar gindin babban filafili don kada ta juyo, a kwance, a jawo babban filafilin kusa da tsakiya.

Matuƙi ya fara juyawa sannu a hankali, mai linzami yana saki da sauri, har kunnen ya tashi gaba ya wuce wayar goshi, filafilin yana kaɗawa gaban jirgi kamar tuta. Sai a cire tsohon linzami daga winci gaba ɗaya, ƙeyar jirgi ta ratsa iska, babban filafili ya haye, a ja sabon linzami hannu bibbiyu, matuƙi ya matso wajen iska har ta cika. Matuƙi filafilin yake bi, ba ya riga shi. Idan jirgi ya juya kafin kunne ya wuce gaba, iska za ta tura yadin tsakanin jigo da wayar goshi, ya naɗe. Bayan an gama a duba igiyar safa, yawanci takan koma ɗaya gefen wayar goshi, a zagayo da ita tun kafin a bukace ta.

Iska ta haura not 12, ko mutane biyu ne kawai, babu abin kunya a sauke safa, a juya jirgi da babban filafili kaɗai, a zagaya da safar ta gaban waya, a sake buɗewa. Minti kaɗan ne, kuma mu shi muka fi so ga mai koyo.

Saukewa

A warware igiyar ɗagawa a shimfiɗa ta tun kafin a fara, don kada ta ƙulle a tsakiyar aiki. Matuƙi ya juya baya ga iska zuwa digiri 150 ko 160, yana lura kada ya zarce babban filafili ya juyo da kansa, domin sandar gindinsa tana iya buge mutum. A saki linzami sosai, sifinaka ta sace a inuwa. Mai aikin goshi, a zaune ko a durƙushe, ya jawo safa har ƙasa. Idan safar ta ƙi saukowa, ba ƙarfi ne ya gaza ba, akwai sauran iska a filafilin, a ƙara juyawa, a ƙara sakin linzami. Iska mai ƙarfi kuwa, a bar linzami a ja, a saki igiyar ƙafa gaba ɗaya, filafilin zai koma bayan babba ba nauyi, safa ta sauko. Daga nan a sassauta igiyar ɗagawa daidai gudun da na goshi ke iya tattarawa a jaka. Kada a tada inji sai an ga kowace igiya a cikin jirgi, linzamin da ke ja a ruwa farfela yake nema.

Idan abu ya ɓaci

Mafi tsoratarwa shi ne jirgi ya kwanta. Bugun iska ya zo, jirgi ya karkata, allon sitiyari, wanda ke cikin ruwa yana juya jirgi, ya fara fita daga ruwa, goshi ya juya wajen iska da kansa, nauyi ya ƙaru, ya ƙara kwanciya. Maganin a jere yake: a saki linzamin sifinaka gaba ɗaya, a saki igiyar da ke danne sandar babban filafili, a sassauta babban filafilin. Jirgi zai miƙe, sitiyari ya kama, a juya baya ga iska, a sauke. Kada a saki igiyar ɗagawa a wannan hali, kada kuma a saki ƙafa da linzami tare, filafilin zai yi nisa da jirgi yana ja daga ƙolin jigo kaɗai. Shi ya sa mai linzami ba ya kulle igiyarsa ya tafi shan shayi idan iska tana da ƙarfi.

Naɗewa a wayar goshi, tsakiya a ƙulle, sama da ƙasa a cike, daga zurfafa juya baya ga iska take zuwa, musamman idan igiyar ruwa tana girgiza jirgi. Kada a ja linzami da winci, ƙullin zai ƙara tsauri. A kama gefen baya a ja ƙasa, a sassauta igiyar ɗagawa kamar rabin mita don kai ya samu juyawa. In ta ƙi, a mayar da babban filafili ɗaya ɓarin, iskar da ke zagayowa ta bayansa za ta sauya hannu, sau da yawa ta warware abin da ta naɗe. Buɗe ɗan yanki na filafilin goshi yana toshe gurbin da yadin ke shiga.

Filafilin da ya faɗa ruwa yana cika da nauyin da mutum ba ya iya ja. A rage gudun jirgi, a saki kusurwa biyu, a jawo ta kusurwa ɗaya ruwan ya zube. Ja ta kusurwa biyu shi ke mayar da shi kamar komar masunta, ya yage.

Ƙaramar yagewa ana like ta da tef na nailan a fuska biyu, bayan an wanke gishiri wurin ya bushe, a kuma yanke kusurwoyin tef ɗin su yi zagaye don kada su ɗago. Filafilin da ya jiƙe da ruwan teku a ɗauraye shi da ruwan daɗi, a shanya a inuwa, domin rana tana cin ƙarfin nailan, kuma kada a ɗaga shi a jigo yana kaɗawa da sunan shanya. Wanda aka ajiye da danshi launukansa suna zuba a juna, ya yi fumfuna. Wanda zai taho da shi gida Abuja ya ajiye, ya rufe jakar sosai saboda ƙurar hunturu, ya ɗora ta a sama inda ɓera ba ya kaiwa, ya kuma sassauta bakin safar don kada ya danne yadin wuri ɗaya tsawon watanni.